Ni da Mai Firji a Kan Tallafi Ɗaya

Jama'a, ku matso kusa, yau bakina cike yake. Mai wanke-wanke ta ajiye soso, wadda ke ofis ta rage hasken waya kada oga ya gani, domin abin da ya same ni a makon nan ko maƙiyina ban yi masa fatansa ba. Abin takaicin ma, maƙiyin nawa na makon nan shi ne mutumin da ke neman aurena.

Saboda sababbin zuwa, bari in sake gabatar da kaina. Ni ce autar gidanmu, shekarata talatin da ɗaya, adadin da Mama ke faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai ambaton mugun ciwo. Ina aiki a ɗakin bincike na wani asibitin koyarwa. A takarda ni dakta ce, amma ba irin wadda ke rubuta magani ba, kuma har gobe dangi ba su yafe min wannan ba. Duk wanda ya zo min da ciwon gwiwa na ce ya je ya ga likita, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To ke mece ce?"

Abin da nake bincike a kansa wani irin ƙari ne da ba kasafai ake samunsa ba. Yakan fito a hanji, ko a huhu, ko wani lungu na ciki, daga wasu ƙwayoyin jiki da aikinsu shi ne aika saƙo cikin jini. Sunansa na boko niyuro-endokirin. Ranar da na fara furta sunan a gida, Mama ta saki ludayi ta juyo da fara'a ta ce, "Alhamdulillahi! Nuru ɗan gidan wa?" Sai da na rantse kafin ta yarda ba saurayi ba ne. Kwana biyu tana amsa gaisuwata da hanci.

Shi kuma mutumin, Mai Firji nake ce masa. Ɗakin bincikenmu ɗaya, ƙarin da muke bi ɗaya, Farfesanmu ɗaya. Faɗa ne ya haɗa mu. Akwai wani ƙaton firji a ƙarshen baranda inda muke adana jinin da marasa lafiya suka ba mu don gwaji, sanyinsa ya isa ya tsinke wa mutum yatsa. Wata rana na buɗe na tarar an ture akwatunana can ƙurya, an liƙa takarda da wani rubutu mai kyau kamar na allon sanarwa: "Wannan layin nawa ne, don Allah." Na zaro biro na rubuta a ƙasa: "Ka kawo takardar gado." Washegari na tarar da amsa: "Ki zo mu sasanta, na haɗa shayi." To daga shayi sai ga mu nan.

Dogo ne siriri, gilashi kullum a karan hanci, mutumin da har hankicinsa sai ya goge. Wata huɗu ke nan da ya gabatar da kansa a gidanmu, Mama kuwa ta ɗauke shi ta aza a ka. "Ɗana" take ce masa. Ni da ta haifa, "ke".

Ana zaune ƙalau sai ga sanarwa. Wata gidauniya ce da iyalan waɗanda ƙarin nan ya taɓa suka kafa, tana ba da tallafin bincike na shekara uku ga masu tasowa, wato waɗanda ba su wuce shekara biyar da gama digiri na uku ba. Wanda ya samu ya samu teburinsa, da kayan aikinsa, da 'yancin bin tambayar da ke cin ransa ba tare da jiran ragowar kayan wani ba. Wanda bai samu ba ya ci gaba da riƙe wa Farfesa jela har furfura. Ni bana ce shekarata ta biyar. Shi ma haka. Ga kuma sharaɗin da ya ɓata komai: kowace cibiya mutum ɗaya tak za ta tura, da sa hannun shugabanta.

Farfesa ya kira mu ofishinsa. Gajeren dattijo ne mai sanƙo, in yana magana tagar yake kallo kamar da ita yake.

"Ranar Alhamis, ƙarfe goma," ya ce. "Kowa minti uku. A kwamitin gidauniyar ba masana kaɗai ne ba, akwai iyalan marasa lafiya. Wanda ya iya bayanin da mai sayar da tumatir zai gane, shi zan tura. Ku tafi."

Muka fito kowa na kallon takalminsa. Ko awa ba a yi ba wayata ta yi ƙara.

Shi: Dakta, kin ci abinci?

Ni: Me ya sa kake tambaya? Leƙen asiri?

Shi: Subhanallahi. Tambayar masoyi ce.

Ni: Masoyi sai bayan Alhamis. Yanzu kai abokin gaba ne.

Shi: To abokin gaba zai zo gaida Abba ranar Lahadi, tun wancan makon na yi masa alkawari.

Ni: Ka zo. Amma in ka tayar da maganar tallafi a gidanmu, ko a hanya kada ka nuna ka san ni.

Shi: An gama, ranki ya daɗe.

Kun san me ya sa na ja masa kunne? Na san uwata. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ranar Lahadi tun safe Mama ta tayar da gidan. An cire ledar da ke kan kujerun falo, wadda ba a cirewa sai don baƙon da ake jin kunya. An fito da kofunan gilashi masu bakin zinare daga kabad, waɗanda in ni na taɓa sai an tuna min ranar da na fasa ɗaya ina aji uku. Ni kuwa na sa doguwar riga ruwan toka, marar ado, saboda ina cikin yanayin yaƙi. Mama ta leƙo ta dube ni.

"Zaman makoki za ki?"

"Mama, gida nake fa."

"Cire. Ki sa leshin nan ruwan hoda, ki yafa farin mayafin nan mai duwatsu. Kuma ki shafa wani abu a fuskar nan, duk kin bushe kamar takardar jarrabawa."

Na sa. Hannun rigar ya matse ni har ba na iya ɗaga tire sosai, amma wa ya isa ya yi magana.

Bayan la'asar Mai Firji ya iso, cikin farin yadi mai guga kamar wuƙa, da ledar lemo a hannu. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Mama, ya gaida Goggo, yayar Abba da ke zaune tare da mu, wadda kunnenta ya yi nauyi amma idonta ba ya kuskure leda. Abba tsohon shugaban makaranta ne. Ya yi ritaya shekara takwas, amma jan biro bai bar aljihun gabansa ba. Ko takardar wutar lantarki aka kawo sai ya gyara mata kuskure.

"Ya aikin, malam?" in ji Abba.

"Alhamdulillahi, Abba."

"Na ga ka ɗan faɗa. Lafiya dai?"

Na zuba masa ido daga bayan tire. Na ƙifta. Na yi gyaran murya. Jama'a, ku nemi miji mai gaskiya, amma ku roƙi Allah kada ta yi masa yawa. Bawan Allahn nan ya gyara gilashi, ya zazzage komai: gidauniya, shekara uku, mutum ɗaya, Alhamis, minti uku. Har da ƙarfe goma.

Sai Mama ta tafa hannu.

"To ai abu ya zo da sauƙi! Ke, ki janye."

"Mama?"

"Ki janye mana. In ɗana ya samu ba gida ɗaya abin zai shiga ba? Ina aka taɓa yin haka, mace ta kayar da mijin da za ta aura a gaban ogansa? Da wane ido zai dube ki?"

"Da gilashi, Mama, kamar kullum."

"Kin ga irinta ko? Bakin nan shi ya kai ki talatin da ɗaya."

Wannan karon da ƙarfi ta faɗi adadin. Mai Firji ya shiga "A'a Mama, wallahi ba sai ta janye ba," amma muryarsa kamar ta sauro a cikin guguwa. Ni kuwa zuciyata ta kawo wuya. Shekara biyar ina bin ɗakunan jinya ina roƙon mutane su ba ni cokali ɗaya na jininsu, ina lallashin injin da ya girme ni, sai yau a ce in janye kamar mai layin famfo?

Abba ya zaro jan bironsa ya ƙwanƙwasa tebur.

"A gidana ba a janyewa. Jarrabawa ake yi. Ba an ce bayanin da talaka zai gane ba? Ga mu nan mu uku. Malam, tashi. Auta, ajiye tiren nan."

Ya cire agogon hannunsa ya ɗora a kan gwiwa, ya yage bayan kalanda ya ja layi biyu. Aka taɓa Goggo aka ce mata alƙalanci za ta yi. Ta ce, "Wa ya mutu?" Aka ce ba kowa. Ta gyara zama.

Mai Firji ya miƙe a tsakiyar kafet, ya haɗa hannuwa a baya kamar mai karatun harda. Tsakani da Allah, tambayarsa mai kyau ce: me ya sa wani ƙarin yake kwanciya shekara da shekaru bai motsa ba, wani kuma rana ɗaya ya tashi da gudu? Amma sai ya binne ta a ƙarƙashin tulin kalmomi. Ya shiga sunayen ƙwayoyin gado, ya fita ta sunayen sinadarai, ya ce "kamar yadda kuka sani" har sau huɗu ga mutanen da ba su sani ba. Cikin minti ɗaya Goggo ta sunkuyar da kai. Cikin na biyu ta fara minshari mai amo. Mama kuwa gyaɗa kai take tana "Ƙwarai! Haka ne! Allah ya yi albarka!" alhali ko kalma ɗaya ba ta kama ba.

"Lokaci," in ji Abba. "Malam, me ka ce?"

"Abba, a taƙaice..."

"Da ka fara da taƙaicen. Zauna. Auta."

Na miƙe da izzata, hannun riga na cizona. Na buɗe baki, sai na ji ni ma na ɗauko irin tasa waƙar. "Ƙwayoyin da ke fitar da sinadarai..." Abba ya ɗaga gira ya kai biro kan takarda. Na tsaya. Na dubi Mama. Akwai maganar da shekara tara ina riƙe da ita ban taɓa faɗa mata ba, domin ko sunan ƙanenta marigayi aka ambata sai ta tashi ta bar wurin. Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni.

"Kun tuna Kawu?"

Kawu ƙanen Mama ne, ciki ɗaya. Tela ne, shi ya ɗinka min rigar makaranta ta farko, ya yi mata aljihu biyu don na ce ina so in zama likita.

"Kun tuna yadda ana cikin cin abinci fuskarsa za ta ɗau zafi, gumi ya karyo masa, ya tashi da gudu zuwa banɗaki? Har muna tsokanarsa muna ce masa Kawu mai sauri. Wannan asibiti ya ce gyambon ciki ne. Wancan ya ce asma ce, saboda numfashinsa na ƙugi. Wani ya ce damuwa ce, ya rage tunani. Shekara shida yana shan maganin ciwon da ba shi da shi. Ashe ɗan ƙari ne a hanjinsa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana ta zuba saƙon ƙarya cikin jininsa: yi zafi, yi gudu, toshe numfashi. Ranar da aka gano shi ya riga ya kai hanta. Shi ne ciwon da nake bincike a kai. Abin da nake nema shi ne gwajin jini mai sauƙi, wanda ƙaramin asibiti zai iya yi, don mai irin ciwon Kawu a gano shi a shekarar farko, ba ta shida ba. Na fara ganin alama a jinin mutum arba'in. Ina bukatar shekara uku in tabbatar ba idona ne ke yaudarata ba. Shi ke nan."

Abba bai duba agogo ba. Mama ta miƙe ta shige kicin. Muka ji ƙarar famfo, ya daɗe yana zuba. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta ce albasa ce. A ranar ko albasa ɗaya ba a yanka a gidan ba.

Abba ya karanta sakamako. Ni bakwai, an cire uku saboda na fara da shirme. Shi huɗu, biyu daga ciki na tsayuwa da kyau ne. Goggo da aka tasa ta ce ita wanda ya kawo lemo ta zaɓa. Aka juya ga Mama.

"Ni dai na faɗi tawa," ta ce tana kallon bango. "Namiji shi ke riƙe gida."

Biyu da ɗaya. A gidan ubana aka kayar da ni, da ƙuri'ar lemo.

Na raka shi bakin ƙofa. Ya daɗe yana goge gilashi da hankicinsa kafin ya ce, "Ba ki taɓa ba ni labarin Kawu ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba."

"Ba zan janye ba, Dakta. Ke ma kada ki janye."

"Wa ya ce maka da ma ina da niyya?"

Ya yi murmushi, irin wanda ke kwance min notin kai. Kuma a nan ne na tafka wautar shekara. Na ce, "Kai ma bayaninka ba laifi, ka dai cika surutu. Ka fara da barci da farkawa. Wani ƙarin na barci, wani ya farka, kana neman abin da ke tashinsa. Sauran duk ka zubar."

Ya tsaya cak. Ya zaro waya ya rubuta. Na dawo ciki ina dukan goshina. 'Yan uwa mata, soyayya ba hauka ba ce, amma unguwarsu ɗaya.

Daga Litinin zuwa Laraba Mama ta buɗe yaƙin neman zaɓe. Muna gida ɗaya amma saƙon murya take turo min, kowanne minti shida: labarin 'yar wance da ta yi digiri huɗu yanzu ita da kyanwa suke zaune, labarin wata da ta fi mijinta albashi ya koma ba ya cin abincinta. Ranar Laraba da safe ina ɗaura takalmi ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Shi Farfesan naku a wane bene yake?" Na ce na biyu, kusa da matakala. Ban kawo komai a raina ba. Ni da ke gano ƙari a cikin cokalin jini, na kasa gano abin da ke gaban hancina.

Alhamis na isa tara da rabi, cikin baƙar doguwar riga da mayafi ruwan ƙasa, farar rigar aiki a kafaɗa. Tun daga matakala na hango Mai Firji a ƙofar ofishin Farfesa, ya lanƙwashe tsawonsa ya manna kunne a katako. Sakatariya na zaune ta toshe baki da fayil, kafaɗunta na rawa.

"Lafiya?" na ce.

Ya ɗora yatsa a leɓe ya matsa min. Na kanga kunne. Sai na ji ƙamshin turaren da na sani tun ina goye, yana fitowa ta ƙasan ƙofa.

"...shi ya sa na ce bari in zo da kaina, ranka ya daɗe," muryar Mama, cikin sautinta na zuwa unguwa. "Yaron nan shi zai riƙe ta. A taimaka a tura sunansa. Ita yarinya ce, za ta haƙura."

Na ji kamar in shige cikin firjin nan in rufe.

"Hajiya, ai kin sauƙaƙa min," in ji Farfesa. "Da ma shi nake tunani. 'Yarki akwai ƙoƙari, ba a hana ta ba, amma akwai gaggawa, ga baki. Sannan kin san sha'anin mata, gobe aure, jibi goyo, aikin shekara uku ya koma na goma. Shi kuwa yaron ya fi ta nutsuwa, in gaskiya za a bi ma ya fi ta kai."

Shiru. Irin shirun da in Mama ta yi shi a gida kowa ke neman takalminsa.

"Dakata, Farfesa. Ya fi wa kai?"

"A'a, Hajiya, ai ke kika ce..."

"Ni na ce a ba shi don zumunci, ban ce ya fi ta ba! 'Yar tawa? Wadda tun aji ɗaya ba ta taɓa zuwa ta biyu ba? Goyo? Ni nan da goyo na yi shekara ashirin ina koyar da ɗinki, wa ya mutu? Kai ka ma san abin da take yi kuwa? Bari in gaya maka, tunda ka zauna a kan kujera ba ka sani ba. Ƙari ne ɗan mitsitsi, bai kai gyaɗa ba, yana zaune a hanji yana aika saƙon ƙarya cikin jini. Ya ce wa fuska yi zafi, ya ce wa ciki yi gudu. Ku kuma likitoci ku ce gyambo ne, ku ce asma ce, har shekara shida. Ƙanena haka kuka yi masa!" Muryarta ta karye, ta ɗinke ta da ƙarfin hali. "Ita kuma gwajin jini take haɗawa, wanda ko asibitin bayan gari zai iya, a kama shi tun a shekarar farko. Mutum arba'in ta gwada. Shi yaron, Allah ya yi masa albarka, minti uku ya yi a falona ban san ko addu'a yake ko lissafi ba!"

Mai Firji ya runtse ido. Ni kuwa hawaye da dariya suka haɗu suka shaƙe ni. Ban ankara ba aka fizge ƙofa, saura ƙiris mu biyun mu zube a kan kafet ɗin Farfesa.

Ga Mama tsaye, cikin leshinta mai nauyi ruwan goro, jaka a maƙale a hammata, ga kofin shayin da aka ba ta ko kurɓa ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta gyara mayafi.

"Wucewa nake, na ce bari in gaisa."

Farfesa ya share sanƙonsa da hankici. Karo na farko a tarihi ya bar kallon taga ya dubi mutum.

"Hajiya, maganar uwa ba ta cikin sharuɗɗan gidauniya. Ki jira a waje, don Allah. Ku kuma ku shigo. Goma ta yi."

Shi ya fara. Jama'a, ashe na wasa wuƙar da za a yanka ni da ita. Ya ce, "Wani ƙarin barci yake, shekara goma bai motsa ba. Wani kuma ya farka. Ina neman abin da ke tashinsa, don mu san wanda za a yi wa aiki da gaggawa da wanda za a bari a sa masa ido." Ya yi bayani tsaf, ba tuntuɓe, har ni abokiyar gaba na ji ina so in tafa. Na yi nawa, murya na rawa a farko, daga baya ta zauna.

Farfesa ya daɗe yana juya biro.

"Abin da na faɗa wa Hajiya game da mata, na janye shi," ya ce, "tun kafin ta dawo." Ya dubi Mai Firji. "Tambayarka ta fi zurfi, kuma yau ka faɗe ta da kyau. Amma bayanin da uwa ta ji sau ɗaya a falo, ta ɗauko shi bayan kwana huɗu ta zazzage min ba ta zubar da ko ɗigo ba, shi zai tsira a gaban kwamiti." Ya jawo takardar ya sa hannu, ya miƙo min. "Turawa kawai na yi, ba ki ci ba tukuna. Akwai cibiyoyi da yawa. Kada ki ba ni kunya."

Na karɓa. Na juya in dubi Mai Firji. Ya yi murmushi, amma bai kai ido ba.

A baranda Mama ta tare shi. "Ɗana, ka yi haƙuri. Wallahi gyara na zo yi."

"Ba komai, Mama," ya ce, har da ɗan rusunawa.

Da ta matsa gaba na ce masa, ƙasa-ƙasa, "Ka yi fushi?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Dakta. Kin cancanta. Kuma ya yi min ciwo. Duka biyun gaskiya ne." Ya cire farar rigarsa ya ninke ta a hannu. "Shekarata ta ƙarshe ce ni ma. Ki ba ni lokaci."

Ya sauka matakala bai waiwayo ba.

Ni da Mama muka shiga mota, har muka kusa gida. Sai ta kamo hannuna ta matse, tana kallon waje, ta ce, "Da yana nan da ya ɗinka miki riga." Daga nan ta saki hannun ta ce farcena ya yi tsawo, in yanke.

Azahar ta wuce, ba saƙo. Na tura masa "Ka isa lafiya?" Alama ta nuna ya karanta, ba amsa. Na ajiye wayar a ƙarƙashin matashi, na ɗauko, na ajiye, na ɗauko. Takardar da na yi shekara biyar ina mafarki tana kan madubi, ni kuma na kasa ko kallonta. Abba ya leƙo ya karanta ta, ya zaro jan biro, na yi tsalle na ƙwace.

Ana idar da la'asar wayar ta yi ƙara. Na fizgo ta har tana neman faɗuwa. Saƙo ne daga baƙuwar lamba.

"Ke ce wadda ta kayar da ƙanena yau? Ni ce babbar yayarsa, ni na raine shi. Ya ba ni saƙo, ya ce ba na waya ba ne, kuma ba ke za a faɗa wa ba, Abbanki za a faɗa wa. Ga ni a ƙofar gidanku."

Na ɗaga labule. Wata baƙar mota ce a bakin get. Wata mata doguwa ta fito, gilashi a karan hanci, fuska ba alamar wasa, ta tsaya tana ƙare wa gidanmu kallo kamar mai shirin saye ko rushewa. Na duba kujerar baya. Ba ya ciki.

Na ruga kicin na nuna wa Mama saƙon. Ta karanta a hankali, leɓenta na motsi. Ta goge hannu a zane, ta ɗaure ɗankwali tamau.

"Je ki sa mayafi, ki fito da kofunan nan masu bakin zinare," ta ce. "In alheri ne, na Abbanki ne. In kuma faɗa ne ki bar min, tun safe na riga na yi ɗumi."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.